Muhammad al-Faituri: mawaƙin baƙar fata ne, ko mawaƙin fadar Gaddafi?

Ɗalibar_Adabi:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina aji huɗu a sashen Larabci, kuma kundin kammala karatuna a kan mawaƙin Larabcin nan ɗan Sudan, Muhammad Miftah al-Faituri, nake rubuta shi. Ba malami ne ya ɗora min ba, ni na zaɓe shi. Ranar da na fara karanta waƙarsa wadda yake cewa a faɗa kada a ji tsoro, ni baƙi ne, ubana baƙi, uwata baƙa, sai da tsigar jikina ta tashi. Shekara uku muna shan waƙoƙin manyan mawaƙan Masar, Barudi da Shauƙi da Hafiz Ibrahim, ina jin daɗin Larabcinsu, amma ban taɓa jin kamar da ni ake magana ba sai a kan wannan bawan Allah.

To jiya ina cikin haɗa tarihinsa sai na tarar ashe ya daɗe yana yi wa gwamnatin Gaddafi aiki, a ofisoshin jakadancin Libiya na Italiya da Bairut da Maroko. Wallahi kwana na yi ina juyi. Mutumin da ya yi wa Lumumba, firaministan Kongo da aka kashe, kuka, ya yi wa azzalumai zambo, shi ne kuma yake karɓar albashi a hannun wanda ya danne ƙasa shekara 42? Shin mawaƙin 'yanci ne da wuya ta kai shi fada, ko dama can ɗan fada ne? Ku taimake ni, ba na son in zalunce shi a wannan babin, ba na kuma son in shafa masa hoda.

Abu_Hafsa:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ki yanke masa hukunci ki bi sawunsa tun daga farko. A Junaina aka haife shi, can yammacin Darfur daf da iyakar Cadi, a 1936. Yana ƙarami iyayensa suka koma Iskandariya ta Masar, a can ya haddace Alƙur'ani, ya shiga makarantar Azhar, daga baya Darul Ulum a Alƙahira. Diwaninsa na farko, Aghani Ifriƙiya, wato Waƙoƙin Afirka, ya fito a 1955. Ki lura, a lokacin Sudan ma ba ta karɓi 'yanci ba sai 1 ga Janairu 1956, Ghana sai 1957. Ya yi kiran tun gari bai waye ba.

Mai_Aruli:
Abu Hafsa, ƙaramin gyara. 1936 ita ce ta fi yawo a littattafai, amma akwai masu tarihi da suke mayar da haihuwarsa baya zuwa 1930 ko 1929. Malama, a kundinki ki kawo saɓanin, kada ki rubuta ɗaya ki wuce, masu jarrabawa suna kama irin wannan. Ni na fi karkata ga ta bayan, don wanda ya karanta diwanin farko zai yi wuya ya ce na ɗan shekara 19 ne.

Abu_Hafsa:
Na karɓa Malam, Allah ya ƙara sani. Sai dai hujjar shekaru ba ta da ƙarfi sosai. Abul Ƙasim al-Shabbi na Tunisiya yana ɗan shekara 25 ya rasu, ka ga abin da ya bari.

Gaskiya_Ɗaci:
Kun fara kewaye-kewaye. Yarinya ta yi tambaya a fili, a ba ta amsa a fili. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba a zama mai ba da shawara kan al'adu da yaɗa labarai a ofishin jakadancin Gaddafi shekara da shekaru a ce kuma mutum bai san abin da ake yi wa 'yan Libiya a gida ba. Maroƙi ne mai kyakkyawan Larabci, shi ke nan.

Bamaiwurno:
Ɗan'uwa Gaskiya_Ɗaci, ka yi haƙuri, maganarka ta yi min nauyi. Ni a Maiwurno aka haife ni, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da kakanninmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mu a Sudan ba a littafi muka fara sanin Faituri ba, a bakin shahararren mai rera waƙar nan Muhammad Wardi muka san shi. Waƙar Asbahas Subhu, wadda ke cewa gari ya waye, ba kurkuku ba mai tsaron kurkuku, Faituri ne ya rubuta, Wardi ya rera. Tana cikin waƙoƙin juyin Oktoban 1964 da ya kawar da Janar Abbud. A 2019 ina cikin masu zaman dirshan a gaban hedkwatar soja a Khartum. Da asuba wani yaro da bai fi shekara 17 ba, ya ɗaura tuta a wuya, ya ɗauko ta da murya duk ta dishe, sai ga dattijuwa mai sayar da shayi a gefenmu ta ajiye buta tana amsawa tana hawaye. Ita ta san ta tun 1964, shi kuma ko Wardi bai taɓa gani ido da ido ba. Wane maroƙi ne waƙarsa ke fita daga fada ta zo ta tsaya a gaban bindigar soja?

Sannan ka tambayi yadda aka yi ya faɗa hannun Libiya. A Yulin 1971 Hashim al-Ata ya yi juyin mulki na kwana uku, shugaban ƙasa Ja'afar Numairi ya dawo kan mulki ya shiga kashe mutane. Aka rataye Abdulkhaliƙ Mahjub shugaban jam'iyyar kwaminis, da Shafi'u Ahmad al-Shaikh na ƙungiyar ƙwadago, da Joseph Garang. Lokacin da kowa ya kama bakinsa, Faituri ya yi wa Abdulkhaliƙ marsiyya, wadda yake sa mamacin yana cewa kada a haƙa masa kabari, zai kwanta a kowane taƙi na ƙasar. A 1974 gwamnatin Numairi ta soke masa zama ɗan ƙasa, ta karɓe fasfonsa. Mutum ya wayi gari ba shi da takardar da zai tsallaka iyaka ko ɗaya. Libiya ce ta miƙo masa fasfo, kuma ba baƙo ba ne a can, tsatson mahaifinsa daga can yake.

Gaskiya_Ɗaci:
Bamaiwurno, na gode da ka kawo 1971, don nan ne ma maganar ta fi zafi. Wa ya tare jirgin saman da ya taso daga Landan ɗauke da Babikir al-Nur da Faruƙ Hamadallah, jagororin juyin mulkin, ya tilasta masa sauka a Bangazi, ya damƙa su ga Numairi aka harbe su? Gaddafi ne. Wato hannun da ya taimaka aka murƙushe mutanen da Faituri ya yi wa kuka, shi ne hannun da ya karɓi fasfo a ciki bayan shekara uku. Wannan fa? Ba ina musun ya iya waƙa ba ne.

Bamaiwurno:
Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Mu ma a Sudan akwai waɗanda har ya rasu ba su yafe masa wannan ba. Abin da zan ƙara kawai, zuwa 1974 Gaddafi da Numairi sun riga sun ɓata, har a 1976 da goyon bayan Libiya aka kai wa Numairi hari a Khartum. Duk mai adawa da Numairi a lokacin, Libiya ce ƙofar da ke buɗe.

Tsohon_Edita:
'Ya'yana, ku bar ni in shigo ta ɓangaren da na sani. Kowa na cewa mawaƙi, mawaƙi, an manta da cewa abincinsa a jarida yake. Tun yana Alƙahira editan shafin adabi ne a jaridun Masar. A ƙarshen shekarun 1950 ya koma Sudan ya riƙe jaridu da mujallu, har da mujallar gidan rediyon ƙasar. Daga 1968 zuwa 1970 ya yi aiki da Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a sashen yaɗa labarai. A Bairut ya yi aiki da mujallu irin su al-Usbu' al-Arabi. Waƙa ba ta biyan kuɗin haya, ko a Alƙahira ko a Kaduna.

Ni na yi shekara 31 a wannan sana'a. Ku duba duk jaridar da ke ƙasashen Larabawa a wancan zamani, ta wa ce? A Masar Nasir ya mayar da manyan jaridu hannun hukuma a 1960. A Sudan soja ke mulki daga 1958. Na Bairut da ake cewa suna da 'yanci, da yawansu akwai ƙasar da ke zuba musu kuɗi ta bayan gida. Ɗan jarida ba ya zaɓa tsakanin fada da 'yanci, yana zaɓa ne tsakanin wannan fada da waccan. Na taɓa rubuta sharhi a kan yadda aka karkatar da takin manoma a wata jiha. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, an gama haɗa shafi, ana shirin kai wa inji, sai waya ta shigo daga sama. Da hannuna na cire shi na sa hoton bikin yaye ɗalibai a gurbin. Ina da 'ya'ya shida a lokacin, biyu suna sakandare. Har yau idan na tuna sai in ji ɗaci a bakina, amma washegari na koma aiki.

Wani abu kuma da za ki duba, 'yata. Diwani na farko 1955, na biyu, Ashiƙ min Ifriƙiya, sai 1964. Shekara tara. A ganina teburin edita ne ya cinye su. Wanda ya wuni yana gyara rubutun wasu, yana rage nan yana ƙara can don ya cika shafi, idan ya koma gida ba sauran ruwa a rijiyarsa.

Ɗalibar_Adabi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ban taɓa lura da wannan tazarar ba sai yanzu, kuma ga shi na uku, Uzkurini ya Ifriƙiya, ya biyo baya nan da nan a 1965. Amma Baba, da girmanka, kai ka cire sharhi ne ka yi shiru. Shi kuwa ba shiru ya yi ba, wakiltar gwamnatin ya yi. Ba ɗaya ba ne ko?

Tsohon_Edita:
Ba ɗaya ba ne, kin yi gaskiya. Ban kawo labarina don in wanke shi ba. Na kawo ne don ki rubuta babin kina sane da nauyin abin da ke kan mutum.

Ɗan_Zawiyya:
Salamu alaikum. Akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma ya shafe mu nan Kano. Mahaifinsa, Shehu Miftah Rajab, halifa ne a ɗariƙar Arusiyya Asmariyya, reshen Shaziliyya. Sunan Faituri kansa na zuriyar Fawatir ne, dangin Sidi Abdussalam al-Asmar da ke kwance a Zilitin ta Libiya. Duk wanda ya tashi a cikin birni yana jin bandiri ya san sunan Sidi Abdussalami, Larabawan Turabulus ne suka zo mana da wannan tun zamanin fatauci. To a irin wannan gida yaron ya tashi, cikin zikiri da bugun bandiri da ƙasidu. Shi ya sa ni ban yarda a taƙaita shi a waƙar launin fata ba. Ku nemi Ma'azufa li Darwish Mutajawwil da Yaƙutul Arsh. A ta biyun yake cewa duniya wanda ya mallake ta bai mallake ta ba, mafi wadatar mutanenta, sarakunanta, su ne matalautanta. Yaƙutul Arsh ɗin ma waliyyi ne na Iskandariya, baƙar fata, almajirin Abul Abbas al-Mursi. Kun ga ko da ya koma sufanci, baƙin waliyyi ya nema.

Gaskiya_Ɗaci:
Yana cewa matalauta ne sarakunan duniya, yana kuma shiga motar ofishin jakadanci.

Ɗan_Zawiyya:
Ɗan'uwa, zuhudu a zuciya yake. Kuma waɗannan waƙoƙin sun riga aikin jakadancin, tun wajejen 1970 ne. Allah shi ya san abin da ke tsakaninsa da bawansa.

Azhari_Na_Gusau:
Ni dai abin da ya fara jawo 'yar'uwarmu gare shi nake son mu koma kai, don kada hayaniyar Gaddafi ta binne shi. Na yi shekara shida a Alƙahira. Mutanen kirki sun fi yawa, akwai maƙwabciyarmu tsohuwa da ba ta taɓa yin girkin azumi ba ta aiko mana ba. Amma akwai ranar da ba na mantawa. Ina cikin bas da rawanin Azhar a kaina, Alfiyyar Ibnu Malik a hannuna, wasu samari suka riƙa kirana da sunan da suke kiran baƙi, suna dariya. Na san amsar da zan ba su da Larabcin da ya fi nasu tsabta, amma harshena ya ƙi motsi. Da na koma ɗaki wani ɗan Sudan da muke zaune tare ya ciro tsohon diwani ya karanta min waƙar da Faituri yake siffanta kansa, matalauci, mummuna, yana tafe fuskoki na yi masa dariya. Ya rubuta ta ne a ƙasar da nake zaune, shekara hamsin kafin in zo. Ku yi tunanin ƙaramin yaro baƙi, gajere, a Iskandariyar shekarun 1940 da ke cike da Girkawa da Italiyawa da Turawan Ingila.

Kuma abin a cikin gidansu yake. Kakarsa Zahra baiwa ce da aka sato tana yarinya, kakansa kuwa bafatake ne mai cinikin bayi da hauren giwa. Jinin mai saye da jinin wadda aka saya duk suna jikinsa. Ita ce ta riƙa ba shi labarai yana yaro. Idan ya ce Afirka, fuskar wannan tsohuwar yake gani.

Maman_Nana:
Wannan na Zahra ya taɓa ni. Mu ma fa kada mu yi kamar abin na Larabawa ne kaɗai. Gidaje nawa ne a ƙasar Hausa da idan aka bi salsala za a tarar da kaka sa-ɗaka, ba a ma san garinsu ba? A danginmu akwai wadda sunan da aka sa mata kawai muka sani, nata na yanka ya ɓata. Har yau idan aure ya taso sai ka ji ana raɗa a kan asali.

Ɗan_Talakawa:
Azhari, ina jin zafin abin da ya same ka, amma ina da ja. Wannan muhawarar an yi ta tun yana raye. Mahmud Amin al-Alim, mai sharhin adabi na Masar wanda ya rubuta wa diwanin farko gabatarwa, ya nuna masa cewa matsalar ba ta launi ba ce zalla, ta masu shi da marasa shi ce. Manomin Masar da ke noma wa fasha, wato manyan masu gonaki, auduga ba baƙi ba ne, amma a ƙarƙashin takalmi yake. Ni ina tare da al-Alim. Mobutu na Kongo baƙi ne, da hannunsa a kisan Lumumba a Janairun 1961. Idan ka ce baƙi da fari kawai, ina za ka ajiye Mobutu?

Azhari_Na_Gusau:
Malam Ɗan_Talakawa, samarin da suka yi min dariya a bas talakawa ne kamar ni, wataƙila ma na fi su kuɗin aljihu a ranar. Ba aljihuna suka duba ba. Wanda bai taɓa ji a jikinsa ba shi ke saurin cewa ba launi ba ne. Kuma Faituri bai tsaya nan ba ai, daga baya ya juya kan azzaluman gida. Suƙut Dabshalim na 1968 fa? Dabshalim sarkin nan ne na Kalila wa Dimna da malami Baidaba ya shiga ya gaya wa gaskiya aka jefa shi kurkuku.

Gaskiya_Ɗaci:
Yauwa. Ya san labarin Baidaba sarai ke nan. Da ya samu nasa Dabshalim ɗin a Turabulus, wace gaskiya ya shiga ya gaya masa?

Mai_Aruli:
Ku ba ni dama in fita daga siyasa kaɗan. Ni matsalata da shi da sa'o'insa ta sana'a ce. Tun da Nazik al-Mala'ika da Badr Shakir al-Sayyab suka ɓullo da sabon salon waƙar da ake kira taf'ila a Iraƙi a 1947, aka wargaza baiti. Ba sadari ba ajuzi, wato rabin baiti na farko da na biyu, layi ɗaya dogo ɗaya gajere, ƙafiya ta zo in ta ga dama. Mu da muka tashi da Ishiriniya da Burda, kunnenmu ya saba da awo. Ɗalibi zai haddace Mu'allaƙar Antara, mawaƙin zamanin jahiliyya, baiti saba'in da wani abu, amma ba shi shafi biyu na wannan sabon salon ka gani.

Ustaza_Balaga:
Allah gafarta Malam, a nan kam ban bi ka ba. Salon taf'ila bai zubar da aruli, wato ilimin awon waƙa, ba, ƙafar bahari ɗaya ake ɗauka a maimaita, adadinta ne kawai ke bambanta daga layi zuwa layi. Kuma Faituri yana cikin waɗanda suka fi riƙe kiɗa a cikinsu. Da yawa daga waƙoƙin diwanin farko ma a kan awo da ƙafiya suke, ka ɗauki wadda diwanin ya ci sunanta ka yanka ta, a kan baharin Ramal take tsaf. Da babu awo da Wardi bai iya rera shi ba, da yaron da Bamaiwurno ya ba mu labari bai haddace ba. Ina koyar da 'yan aji biyu, idan na karanta musu shi da murya sai ajin ya yi tsit, har masu danna waya su ɗago.

Tunda ka ambaci Antara, shi ma ai ɗan baiwa ne, Zabiba, kuma Faituri tun yana yaro ya shaƙu da labarinsa. Bambancin shi ne Antara yana kare kansa ne, yana nuna cewa takobinsa da halinsa sun rufe baƙinsa. Faituri kuwa bai nemi abin rufewa ba. Malama mai kundi, wannan kwatancen kaɗai ya isa babi guda.

Mai_Aruli:
Ustaza, na sallama a kan Ramal, na koma na duba. Amma na ƙarshen rayuwarsa ban janye ba.

Sabon_Shiga:
Don Allah a ina zan samu diwaninsa a Najeriya? Na zaga kasuwar Kurmi ban samu ba.

Ustaza_Balaga:
Ka nemi bugun Darul Auda na Bairut, sun haɗa diwanansa wuri ɗaya. Ka gwada ɗakin karatun sashen Larabci na jami'ar da ke kusa da kai, ko ka sa masu dawowa daga Alƙahira su taho maka da shi.

Ɗan_Abeche:
Ina karanta ku tun safe daga Cadi, sai yanzu na samu caji. Ku kuna maganar Junaina kamar suna a littafi. Daga Adre, garinmu na bakin iyaka, zuwa can tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota. Ta nan alhazanmu na ƙafa suke bi tun da, daga Kano zuwa Abeche, Junaina, Fashir, Ubayyid, har bakin teku, shi ya sa duk garuruwan nan akwai unguwannin Hausawa. Faituri yana da doguwar waƙa a kan kisan Sultan Tajuddin na Masalit, wanda ya tari sojan Faransa a Doroti a 1910, ya yi shahada a fagen fama, shi ma kwamandan Faransawan, Kanar Moll, a nan ya mutu. Mutumin da ya tashi a Iskandariya bai manta da sarkin garin da aka binne cibiyarsa ba.

A 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, na ga jikokin mayaƙan Tajuddin suna shigowa Adre a ƙafa, mata da yara, wasu ba takalmi, wasu da harbi a jiki. A watan Yuni aka kashe gwamnansu Khamis Abakar. Waɗanda suka kore su suna kiransu bayi, kalmar nan dai da Faituri ya yi rayuwarsa yana faɗa da ita. Ba Bature ba ne ya faɗa, Musulmi ne ɗan ƙasarsu. Ɗan_Talakawa, ka zo sansanin Adre ka gaya musu ba launi da asali ba ne.

Ɗan_Talakawa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan'uwa, ba ni da bakin musu da wanda ya gani da idonsa. Abin da zan ce kawai, akwai ƙasa da zinariya da makamai a ƙarƙashin wannan yaƙin, masu cin ribarsa ba a Darfur suke kwana ba. Allah ya kawo musu ɗauki.

Bamaiwurno:
Amin. Yaƙin nan har gidansa ya shiga. Asiya Abdulmajid, wadda ta taɓa zama matarsa, tana cikin matan farko da suka hau dandamalin wasan kwaikwayo a Sudan. A Mayun 2023 harbi ya same ta a Bahri, arewacin Khartum, aka kasa kai ta maƙabarta saboda ruwan harsashi, a harabar makarantar yara ƙanana aka binne ta.

Maman_Nana:
Allahu akbar. Allah ya jiƙanta. Shi kuma a ina ya ƙare?

Abu_Hafsa:
A Maroko, Hajiya. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 sabbin mahukuntan Libiya suka janye masa fasfo, ya sake zama ba takarda karo na biyu, ga tsufa ga ciwo. Sai a 2014 Sudan ta ba shi fasfo, shekara 40 bayan ta ƙwace. Ya rasu a Rabat ranar 24 ga Afrilu 2015, a can aka binne shi.

Gaskiya_Ɗaci:
Allah ya jiƙansa, ba ni da gaba da mamaci. Amma Malama mai kundi, kada tausayi ya sa ki goge babin. A 1996 an kashe fursunoni sama da dubu a kurkukun Abu Salim a Turabulus. Ki bi diwanansa ki ga ko akwai marsiyyarsu kamar yadda Abdulkhaliƙ ya samu. Idan akwai, ki kawo nan zan janye maganata a gaban kowa. Mutanabbi ma muna haddace shi muna jinjina masa, amma ba mu ɓoye cewa ya yabi Kafur, baƙin bawan da ya zama mai mulkin Masar, don neman muƙami, da bai samu ba ya koma yana zaginsa da baƙinsa da bautarsa.

Azhari_Na_Gusau:
Kuma wannan zambon na Mutanabbi ga Kafur har yau ana karantar da shi, mu baƙaƙe muna zaune a aji muna yi masa i'irabi. Shekara dubu tsakaninsa da wanda ya tashi ya mayar da martani da harshen. Wannan kaɗai ya isa in riƙe Faituri, ko me ya yi daga baya.

Tsohon_Edita:
'Yata, shawarar tsohon ɗan jarida. Kada ki tambayi kanki ko mutumin kirki ne, ba ki da ma'aunin wannan. Ki jera waƙoƙin bisa shekarunsu, ki ajiye aikin da yake yi a kowace shekara a gefe, ki ga inda murya ta ɗaga da inda ta sauka, da wanda aka ambata da wanda aka tsallake. Abin da kika gani ki rubuta.

Ɗalibar_Adabi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kwafe duk abin da aka faɗa. Har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Idan na karanta na Ɗan_Abeche da na Yaya Azhari sai in ji ina son in kare shi, idan na dawo kan jirgin Bangazi da Abu Salim sai alƙalamin ya tsaya. Zan bi hanyar da Baba ya nuna, zan fara da 1955 zuwa 1974 tukuna. Yaya Bamaiwurno, don Allah in kana da muryar Wardi ta Asbahas Subhu ka turo min, ina son in ji ta kafin in rubuta komai a kanta.

Bamaiwurno:
Zan turo miki in sha Allahu da daddare, intanet ɗinmu sai dare yake kamawa. Ki saurare ta da asuba in kin samu hali.

Ɗan_Zawiyya:
Malama, in kin zo kan 1970 ki yi min magana. Akwai kalmomin sufaye a waƙar Darwish ɗin da ƙamus ba zai fassara miki daidai ba, zan kai wa malaminmu ya warware mana su.

Gaskiya_Ɗaci:
Ina nan ina jiran marsiyyar Abu Salim.